Wakena Ƙazuwa Yake Yi?

To, kai da kake cewa abu kaɗan ba ya hana komai, gyara zama ka ji. An yi wani manomi, babban wa a gidansu, shi ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinsu. Ƙannensa uku sun matsa a raba gona kowa ya kama gabansa, shi kuwa ba abin da yake tsoro kamar rabon nan, don da bakinsa ya yi wa tsohon alkawari ba za a raba ba. Sai ya lallaɓa su: a bar dawa bana, a shuke jigawar nan kakaf da waken suya, in bai cika rumbu ba su yi yadda suka ga dama. Ranar da ya je sayen taki, malamin gona ya gaya masa ruwa ya wanke ƙasar jigawa, wake kuwa yana bukatar farar wuta. Ba da yawa ba, ɗan abin da ke cikin takin supa ma ya isa, amma a sa tun lokacin shuka. Gogan naka ya ƙyalƙyale da dariya, don shi iyakar saninsa, farar wuta da man kaɗe ake kwaɓa ta a shafa wa mai ƙaiƙayi. Ya ce, "Haba Malam, wakena ƙazuwa yake yi?" Ya tsallake buhunan supa masu launin toka, ya ɗauko yuriya fara tas, wadda ya saba gani tana tayar da masara.

Wake ya tsiro, ya yi ganye huɗu, ya yi shida, sai ya tsaya cak. Ganyen sama, sabon toho, ya fara yin fari-fari, ya koma ruwan ɗorawa, na ƙasa kuwa kore shar. Shi ya san in masara na jin yunwa daga ƙasa take fara rawaya, wannan kuma daga sama, amma ya danne zuciyarsa ya ce ai duk rawaya rawaya ce. Ya zuba yuriya, ya jira kwana bakwai. Shiru. Ya ƙara. Kullum da sassafe yana bin kunya-kunya yana juya ganye, ko kwaro ne, ko sammu, ba ya ganin komai. In ya hango ƙannensa sun haɗa kai a gindin kuka sai ya sauya hanya.

Wata safiya ya kai can ƙarshen gona, iyaka da 'yar gayaunar matarsa ta gyaɗa. Nan ya ga kunya biyar, wakensu ya kai gwiwa, baƙi-ƙirin don kore, ya cika da fure. Ashe da ta gama sa wa gyaɗarta supa, ragowar da ta karkaɗe daga gindin buhu, ko kwano biyu ba ta kai ba, a nan ta watsa don kada ta yi asara. Wayyo! Ya durƙusa a tsakanin kunyoyin, dariyar da ya yi wa malamin gona ta dawo masa a kunne. Ya garzaya ya sayo supa ya watsa, amma ina, bakin alƙalami ya bushe, kafin takin ya kama lokacin fure ya wuce.

Da kaka aka casa, kwanso shafal, ko rabin rumbu bai kai ba. Bayan sallar Juma'a ƙannen suka zo da igiya da mai unguwa. Shi aka ba bakin igiyar ya riƙe, don shi ne babba, aka auna gonar ubansu gida huɗu yana kallo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.