Yadda Baba Yake Cafe Kankana

Da la'asar ne, a bakin titin Unguwar Shanu, ana sauke kankana daga mota. Mutum ɗaya a sama yana jefowa, sauran suna cafewa suna miƙa wa juna. Babana ne ya roƙi mai kayan ya sa ni a layi, ya ce na isa. Ta farko da aka jefo mini, na sandarar da hannu na tare ta. Ta daki ƙirjina ta faɗi, jan cikinta ya watse a ƙasa.

Mai kayan ya ce, "Malam Idi, in ya ƙara, kai da shi ku kama hanyar gida."

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce a jefo masa babba. Tun tana sama hannuwansa suka fita tarbarta, suna taɓa ta suka dawo baya tare da ita, gwiwoyinsa suka ɗan lanƙwashe. Ko ƙara ba ta yi ba.

Ya ce, "Da nauyinta da gudunta ta zo. In ka tsayar da ita lokaci ɗaya, ko ta fashe ko ta ji maka. Raka ta za ka yi har ta huce."

Yau ni ke sayo kankana mota-mota, kuma ban sake ganin hannu irin nasa ba.

A ranar dai, aka sake jefo mini. Na raka ta, ta zauna lafiya lau. Baba ko kallona bai yi ba, ya ce, "Miƙo, ana jira."