Ɗigo Uku a Gindin Langa

"Iya, a nan ba a taɓa kaya," na ce da wata tsohuwa. "Ba kasuwar Juma'a kika zo ba."

Ranar baje kolin shekara ce a ɗan gidanmu na adana fasahar Asiya a Wudil, kuma a ranar shugabanmu, Dakta Magaji, zai yanke ko ya tabbatar da ni a aiki. Wata shida na yi ina nazarin wata langa ta ƙasar Sin, na kafa hujja cewa jan ɗigo ukun da ke gindinta hatimin maƙerinta ne. Mun kife ta don kowa ya gani. Ga shi tsohuwar nan, mutuniyar ƙauyen Achika, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta tsaya tana mata murmushi.

Dakta ya matso tare da baƙinsa. "Iya, kin san ta ne?"

"Sarai, ɗan nan. Ɗigo uku alamata ce, biyu ta maƙwabciyata. Da jan farce muke sawa, kada kwanuka su ɓace a gidan biki. Bara na sayar wa 'yan gwangwan."

Dakta ya juyo gare ni a hankali.

"Malam Faruk, ga maƙerin naka. Ba za ka gaishe ta ba?"