Gurnanin Dodon Na-Lungu

Sau goma sha bakwai Malam Ɗahiru Tambari ya kalli fim ɗin, kuma kowane karo sai tsigar jikinsa ta tashi a minti na huɗu, daidai inda dodon ke gurnani a bayan ƙyaure.

Malam Ɗahiru malamin adabi ne, yana kuma da shirin sharhin fina-finai duk Juma'a a wani gidan rediyo a Sakkwato. Shekara biyu ke nan da ya ɗora sunansa kacokan a kan wani darakta da ba wanda ya taɓa gani, mai kiran kansa Na-Lungu, wanda ke sakin gajerun fina-finan ban tsoro a intanet. Samari na kallo su firgita, su tuntsure da dariya, su wuce. Malam kuwa ya ce fasaha ce tsagwaronta, kuma shi Allah ya nufa ya fara gano ta.

Hujja kam yana da ita buhu-buhu. Na-Lungu ba ya nuna fuskar kowa, sai ƙyaure da inuwa da wani hannu mai lalle. Malam ya ce ai tsoro ba shi da fuska. Duk fina-finan da hasken bayan azahar aka ɗauke su. Malam ya ce rana tsaka ce lokacin iskoki a wurin Bahaushe. Da Na-Lungu ya yi wata huɗu bai saki komai ba, Malam yana can Zariya wurin kwas ya zauna ya rubuto shafi tara a kan shirun mai fasaha.

Amma gurnanin nan shi ne gatansa. Ya sha faɗa wa masu sauraro cewa kukan raƙumi ne aka naɗo a kasuwar Kara, aka gauraya shi da rugugin hadari, don ya tsaya a madadin fargabar mutumin Sahel.

Matarsa Zaituna, tela ce a gidansu da ke Gidan Igwai, ita ke fara jin kowane sharhi bayan an ci tuwon rana. Takan toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, shi kuma ya ɗauka tsoro ne ya kama ta, ya ƙara jin daɗin alƙalaminsa. Mace ce mai kula da hutun mijinta. Da ya miƙe a tabarma sai ta hana kowa motsi, ta jona wayarta a soket ɗin da ke saitin kansa, don soket ɗin nan kaɗai ke aiki a gidan. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa ko ƙyauren cikin fim ɗin bai yi masa kama da wani da ya sani ba. Ya ce ta bar harkar fim ga masu ita, shi bai taɓa yi mata shisshigi a keken ɗinki ba.

Matsalar ita ce Gazali, abokin aikinsa, wanda ke yawo da maganar cewa Na-Lungu wani ne kawai da ba shi da 'yan wasa, Malam ne ke naɗa wa kara rawani. Magana ta kai kunnen manajan gidan rediyon. Ya ce jama'a sun gaji da falsafa: ko Malam ya kawo Na-Lungu ko wata shaida daga hannunsa ranar Juma'a, ko a ba masu sharhin ƙwallo filin.

Hankalin Malam ya tashi ƙwarai, don wannan rabin awar ce kaɗai inda garin ke jin muryarsa. Ya tura wa Na-Lungu saƙo har uku, na ƙarshen da magiya. Ranar Alhamis amsa ta iso. Na-Lungu ba zai zo ba, amma ga asalin sautin yadda aka naɗe shi, ba a taɓa komai ba. A ƙasa an rubuta: ka saurara kai kaɗai tukuna.

Malam ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai kamar wanda aka yi wa sarauta. Washegari da zai fita gidan rediyo, Zaituna ta biyo shi har zaure.

"Malam, don Allah ka ji abin ga kai ɗai. Tun da mai shi yac ce haka, shina da dalili."

Ya ce mai sharhi na ƙwarai ba ya leƙen amsa kafin jarrabawa. Tare da jama'a zai ji, a gaban Gazali.

Ƙarfe huɗu da rabi aka buɗe shiri. Malam ya sake zayyana maganar raƙumi da hadari, ya kalli Gazali a kaikaice, ya yi wa mai kula da na'ura alama.

Da farko wani ƙas-ƙas aka ji daga nesa, mai kama da taka keken ɗinki, sannan ya tsaya. Malam ya raɗa a makirufo cewa bugun zuciyar ɗan Adam ke nan. Sai gurnanin ya taso, ya yi ƙasa, ya sake tasowa da wata gargada a maƙogwaro, har Gazali ya gyara zama. Malam ya lumshe ido, ya ji duk wahalar shekara biyu ta biya.

Daga nan dodon ya sarƙe, ya yi tari sau biyu, aka ji ya juya a kan tabarma, kuma duk Sakkwato ta ji shi ya ce, cikin muryar Malam Ɗahiru mai cike da barci, "Zaituna, in an kawo wuta ki kunna min hwanka."