Yusufun Inna Furera

Buhun gero na uku ya iso gidan Inna Furera ran kasuwar Zakirai, a bayan jakin Mati, babban ɗanta.

"Daga Kamilu ne, Inna. Ya ce a gaishe ki."

Tsohuwa ta shafa buhun, ta ɗaga murya da godiya don maƙwabta su ji. Tun da ta saurari ƙissar Annabi Yusuf a wajen tafsiri take bin ta da yatsu: a raba mutum da gida, ya sha wuya a baƙon wuri, ya ɗaukaka, ran yunwa ya ciyar da danginsa. Autanta Kamilu, in ji Mati, ya bi fatake Kurmi, yau shekara goma sha tara. Ga fari, ga gero yana zuwa. Yatsa ɗaya ya rage mata: ya shigo ta rungume shi kafin ta mutu.

Awakin Mati kuwa raguwa suke duk ran da buhu ya iso. Aka ce farin ne. Da ma mutumin ya daɗe da canzawa. Shi da ya taɓa ɗinke wa ladan ƙafar wando yana gyangyaɗi, yanzu ko murmushi sai an roƙa.

Da rijiyar gari ta koma ba da laka, dattawa suka tuna da ta gonar su Mati, wadda shi da ƙanensa suka fara haƙa ta rufta. Mati ya ce dutse ne a ƙasa. Ya ce akwai aljanu. Ya rantse zai nemo musu ruwa ko a ƙarƙashin tabarmar maigari ne. Maigari ya ce yara na mutuwa, gobe a tona.

Kwana huɗu ana fid da ƙasa. Inna ta sa aka kai ta gindin kukar da ke bakin rijiyar, wai sai ta sha ruwan rijiyar Kamilu. Da aka kai gaba shida, Mati ya fito da Dogo, mai haƙar.

"Daga nan ni zan shiga. Dogo, riƙe igiyar nan. Kome za a yi, kada ka saki."

Ya daɗe a ciki. Dogo ya leƙa. "Mati, an ga danshi?"

"Ku mai da Inna gida," muryarsa ta taso daga ƙasa. "Ku sauko min da farin ƙyalle."

"Me zai yi da ƙyalle?" in ji tsohuwa.

Can ƙasa Mati na tsugune gaban ƙasusuwan ƙanensa, daidai inda ya bar shi ran da ya janye igiya don tsokana, ya tafi shan fura yana dariya, ya dawo ya tarar bango ya rufta. Yusufun Inna bai samu ayarin da zai ciro shi ba.