Tumatirin Manomin Gaskiya

Maigida ya ɗaga tumatir ɗaya, ya shinshina, ya lumshe ido irin na masana. Shekara uku ke nan da ya hana a sa masa kayan lambun matarsa a tukunya. Wai abin da ya tsiro a bayan gida, ƙarƙashin igiyar shanya, sai dai a ba akuya. Duk Asabar yakan tuƙo mota har kasuwar manoma, wurin wani tsoho mai kaushin hannu.

Yau har da ƙanen matar ya jawo, don a samu shaida.

"Shinshina ka ji ƙamshin gona," in ji shi. "Wannan aikin manomi ne, ba wasan ƙasar da yayarka take yi ba."

Ya biya ninki uku, ko tayi bai yi ba. Babban mutum ai ba ya ciniki.

Tsohon yana ƙulla leda ya ɗago kai, ya ga ƙanen, ya washe baki.

"A'a, ɗan nan, kai ne? Ka ce wa yayarka ta ƙaro mini kwando biyu mako mai zuwa." Ya nuna Maigida da haɓa. "Bawan Allahn nan, in ba na lambunta ba ne, ba ya ci."