Gyaɗar da Mati Ya Gyara

Kai da kake ganin daɗewa da abu a hannu shi ne saninsa, gyara zama ka ji wannan.

An yi wata mata a wani ƙauye, Tasalla, wadda gidansu ya yi suna wajen irin gyaɗa. Tun zamanin mahaifinta ake zaɓen ƙosassu a adana su cikin kwansonsu a rumbu, kome yunwar bazara ba a taɓa su. Wata shekara ƙanenta Mati ya dawo daga birni, inda ya yi furfura yana soya gyaɗa yana sayarwa a tasha. Damina ta ƙarato, sai ga saƙo cewa 'yar Tasalla ta haihu a wani gari. Da za ta tafi, ta jawo buhun irin ta ce ya ɓare mata kafin ta dawo. Ɓarewa kawai ta ce, wallahi ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

To shi Mati mutum ne da ba ya iya barin abu yadda Allah ya yi shi. Ya ɓare, sai ya ga jar fatar nan ba ta yi masa ba. Ya baza a rana, ya murje, ya bakace. Wajen murza ƙwayoyin suka rabu ɓari-ɓari, ɗan tsinin nan mai ɗaci da ke tsakani ya bayyana. Shi kuwa ya san masu saye ba sa son sa, don haka ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwaƙulewa yana watsa wa kaji. Tasalla ta dawo ta tarar da gyaɗa fara fat a kan tabarma, kaji sun ƙoshi har suna gyangyaɗi, ƙanen nata na murmushi yana jiran a sa masa albarka. Ta riƙe baki. Sannan ta tsinto wata ƙwaya da ta faɗa gindin rumbu ta fasa a gabansa. Jar fatar, ta ce, rigar iri ce, ita ke tsare shi kada ya ruɓe kafin ya farka. Ɓari biyun guzurinsa ne, su yake ci a cikin ƙasa har ya yi ganyen da zai ciyar da shi. Ɗan abin da ya ba kaji kuwa shi ne mai ran, daga ƙasansa saiwa ke sauka, daga samansa ganye ke fitowa.

"Haba Yaya," in ji Mati, "ni za ki koya wa gyaɗa? Wadda ta bi ta hannuna, duk garin nan ba su noma kamarta ba."

"Wadda ta bi ta hannun naka," ta ce, "guda nawa ka ga ta tsiro?"

Ya yi tsaki ya shige ɗaki. Ruwan shuka na sauka ya saɓi sungumi, ya bi gonar kunya-kunya yana binne fararen ɓarinsa, har yana gaya wa maƙwabta tasa za ta riga ta kowa fitowa tun da ya cire mata riga. Takaici ya hana Tasalla cin tuwo. Irin ubanta ne ake binnewa tana kallo, kuma da hannunta ta miƙa buhun. Ta shiga rumbu ta share shi kaf, ta samu abin da bai cika tafi biyu ba, ta shuka a bayan ɗaki.

Gonakin mutane suka yi kore, ta Mati tana nan tamkar kan da aka aske. Ya tona rami ya ga ɓari ya yi baƙi, kiyashi sun yanyame shi, ya tona wani ya ga babu komai. Na bayan ɗaki kuwa ya tsage ƙasa ya fito, ɓari biyun sun buɗe suna yamushewa, ganye na leƙowa ta tsakaninsu. Mati ya tsaya a kai ya daɗe, sannan ya ce wataƙila ƙasar nan ta fi taki. Tasalla ta juya ta shiga ɗaki. Ta ɗauki ƙwarya ta yafa mayafi. A shekarar nan, gidan da ya saba ba maƙwabta iri, shi ya bi ƙofa-ƙofa yana roƙon ragowar na wasu.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin gyaran gira a rasa ido.