Hular Baba a Shekarar Fari

Shekarar da fari ya ƙone mana gero, Baba ya ƙirƙiro dabara. In baƙo ya faɗo lokacin cin abinci, sai in leƙa zaure in dubi hular Baba. In ta karkata dama, a fito da tuwo. In hagu ce, Inna ta tura akushin ƙarƙashin gado.

Wata la'asar sai ga Baffa Sale, yayan Baba, daga Minjibir. Tuwon ko mu ba zai isa ba. Ina leƙowa Baba ya tura hula hagu har ta rufe masa kunne.

Baffa ya miƙa hannu ya mayar da ita dama.

"Audu, ni za ka yi wa wannan? Ni fa na koya maka, lokacin da surukanka suka ishe ka." Ya juyo gare ni. "Kai, ba ka ga hula ba ne?"

Na kawo. Ya cinye tas, muka kwana da yunwa.

Yau 'ya'yana suna kulle waya da yatsa, wai sirri. Su jira Baffansu ya zo, su ga ƙarshen sirri. Nawa ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma tuwon nan ban yafe ba.